Ranar da Na Kai Bature Neman Gargajiya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zama manomi da ƙarfi da yaji ba. Ina aji huɗu a sakandare a Kafanchan, shekarun saba'in, ni ne irin yaron da ke zama a kusurwar laburare yana gyara wa ƙamus kuskure. Ƙanin malaminmu na kimiyya, wani dogon Bature, ya zo yawon buɗe ido da kyamara a wuya. An kai shi ruwan Matsirga, an kai shi dutsen Kagoro, ya ce duk baƙo can ake kai shi. Shi ƙauye na ainihi yake so ya ɗauka kafin ya hau jirgin ƙasa ran Lahadi. Malam ya ce in raka shi in yi tafinta, tunda na fi kowa Turanci.

Na yi masa alkawarin ba zai tafi babu hoton ba. Ni kuma in na ƙudura abu, sai na ga ƙarshensa. (Abin da ban faɗa masa ba, a kwatas ɗin reluwe aka haife ni. Babana akawu ne, gonarmu duka ba ta wuce tukunyar barkono biyu ba.)

Na kwana ina neman kalmar da zan fassara bukatarsa da ita, na tsaya a kan "gargajiya". Har na yaba wa kaina.

Muka shiga motar Kwoi, muka sauka, muka bi hanyar ƙafa zuwa wani ƙauye a wajen Nok. Da shigarmu na ga akwai matsala. Kwano a kan coci, keke jingine da rumbu, rediyo na ta magana a gindin mangwaro. Wata mata ta wuce da itace a kafaɗa, yadda matan wajen suke ɗaukar kaya, Bature ya ɗaga kyamara, na tare shi da hannu. Takalmin roba ne a ƙafarta, kuma ni ba zan bari roba ta ɓata mana aiki ba.

Aka kai mu wurin Baba Dogo, dattijon ikilisiya. Na durƙusa na gaishe shi, na jero jawabin da na haddace: baƙon nan ya zo daga nesa don ya ga gargajiya, yana roƙo a nuna masa.

Wani ya kashe rediyo.

"Gargajiya ka ce, yarona?"

"I, Baba. Ta ainihi."

Sai daga baya na gane a bakinsu gargajiya tana nufin dodo da tsafi, abin da suka bari suka shiga coci. A lokacin kuwa na ɗauka nauyin kunne ke damunsa, sai na maimaita da ƙarfi.

Baba Dogo ya dubi Bature sama da ƙasa. "Ɗan'uwansa ne, Baturen mishan, ya zo nan da jaki, ya ce mu bar gargajiya. Mun bari. Yanzu wannan ya zo ya ce ina take? Ka tambaye shi, ba su yi shawara a gida ba ne?"

Bature ya tambaye ni me ya ce. Na ce yana yi masa maraba.

Wata tsohuwa, Mama Ladi, ta ce ai gwaji ne daga mishan. Kafin in buɗe baki an buga ƙarfen coci, matan zumunta sun ɗauro zani iri ɗaya, sun jeru sun kama waƙa. Maza suka sako kwat. Mai keke ya kawo kekensa gaba.

Da wani ne, da ya haƙura. Ni ban haƙura ba. Na koma wurin Baba Dogo na ce mutum ɗaya kawai nake nema, ya tuɓe riga da takalmi, ya riƙe garma a gona.

"Mu a ɗauke mu tsirara a kai ƙasar mutane?" in ji Mama Ladi. "Kai ɗan makaranta, jikinka ba ya tuɓuwa ne?"

Na dubi Bature, na tuna jirgin gobe da alkawarina. Na cire takalmi, na ninke safa na sa a ciki, na ninke farar rigata na ɗora a kai, na cire tabarau. Aka miƙo mini garma. Ban san tana da nauyi haka ba. Na shiga gonar citta, na ɗaga, na kafta da dukan ƙarfina.

"Wayyo cittata!" in ji Mama Ladi.

Ba tabarau, ban ga cewa kan shuka nake sara ba. Waƙa ta tsaya, dariya ta maye gurbinta, har da masu kwat. Baba Dogo ya ce a hankali, "Yarona, juya ta. Bakin yana kallon ƙasa ne, ba cikinka ba." Bature kuwa sai ƙyas, ƙyas, yana cewa madalla da Turancinsa.

Bayan wasu watanni hoton ya iso, malam ya manna shi a allon sanarwa. Ga ni, haƙarƙari a waje, ido a runtse, garma a juye, a ƙasa an rubuta wai matashin manomi a gonar kakanninsa. Ɗaliban makarantar nan yawancinsu 'ya'yan manoma ne. Har na gama sakandare sunana Gargajiya.

Darasin da na ɗauka: duk mutanen ƙauyen nan na ainihi ne, da robarsu da rediyonsu. Jabu ɗaya ne ya shigo ranar, kuma shi aka kai Turai.