Dambun da na kai wa gwaggon ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Zainab, ƙanwar mijina, ba. Ko na so in manta ma dangin mijina ba za su bari ba, don har yau in aka haɗu a biki sai wata ta kalle ni, ta kau da kai tana danne dariya da bakin mayafi.

Bari in fara da yabon kaina, tunda yanzu ba mai yi min. Ni ce matar babban ɗa a gidan su mijina a Gumel, kuma shekara da shekaru ni ke riƙe da tukunyar dangi. Ba na sayen yaji a kasuwa, ni nake daka abina. Man gyaɗa ni nake matsa, in toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Daddawa ma sai da na je Gagarawa na koya a wurin wata ƙanwar babata (lokacin da na fara gwadawa a gida, maƙwabta daga bakin ƙofa suke gaishe ni su wuce). In za a yi suna ko biki, Hajiya, wato mahaifiyar mijina, ba ta yanke komai sai ta ce, "A kira min Maman Abba." Ni kuwa in zo ina yanga, ina cewa ai ba wani abin kirki na iya ba, alhali a raina na san duk gidan ba kamata.

Ana nan sai Auwalu, autan maza, ya auro Rakiya daga Maigatari, aka ba su ɓangare a cikin gidan Hajiya. Yarinya ce shiru-shiru, mai ladabi, ba ta taɓa wuce ni ba tare da ta rusuna ta ce "Yaya, ina kwana" ba. Wannan ladabin ma haushi yake ba ni, don ya hana ni samun abin kamawa. A hannun kakarta ta girma, can tsallaken iyaka wajen Damagaram, kuma da alama tsohuwar ba ta bar komai ba sai da ta juye mata. Rakiya tana kafa kindirmonta da kanta. Tana shanya kilishi a saman rumfa. Tana gasa burodi a tukunya da yashi a ƙasa, ga wani cincin mai laushi da take kira gato. Kafin shekara ta zagayo, gidan Hajiya ya koma ba a zancen kowa sai nata. Hatta magen da ke gadin siton riɗin Auwalu, wadda a da take shafar ƙafata in na je, ta tattara ta koma ɓangarenta.

Kishi na yi, ba wani suna da zan sa masa. Ranar da abin ya kai min ko'ina ita ce ranar da maigidana ya dawo daga gaida Hajiya da wata 'yar kwalba a aljihu, ya ajiye min a gaba yana murmushi.

"Yajin Rakiya ne. Ɗanɗana ki ji. Ko za ki tambaye ta me take sawa?"

Ni, da nake daka yaji tun Rakiya tana rarrafe. Na ce masa to, na ɗauki kwalbar na tura ta can bayan kabad. Da ya fita sai na ɗauko na lasa. Abin takaicin, ya yi daɗi.

Daga nan na shiga aikin neman laifi. In na je gidan sai in ci abincinta a hankali kamar mai binciken guba, ina fatan in ji tsakuwa a shinkafa ko ƙauri a miya. Ban taɓa dacewa ba. Sai dai in ce, "Ya yi, amma da kin ɗan rage mai," ita kuwa ta ce, "To Yaya, na gode, zan gyara." Wannan "zan gyara" ɗin ya fi zagi ciwo.

Da aka sa ranar Zainab da wani malamin makaranta ɗan Sule Tankarkar, sai hankalina ya koma kan abu ɗaya, wato gara. Duk wadda ta san gidajenmu ta san aikin gara shi ne sarautar mata. Wadda aka danƙa wa alkaki da nakiya da dubulan, ita ce ake ambata a gidan ango in an buɗe robobi ana rabo, ita ce za a yi ta tambaya, "Wa ya yi wannan?" Garar duk 'yan matan gidan da suka riga Zainab aure ta hannuna ta bi. Wannan karon Hajiya ba ta faɗi wadda za ta yi ba. Da ta zo rabon aikin tarbar masu kawo lefe ma, sai ta ce Rakiya ta yi dambun nama da kaji da gato, ni kuma in yi zoɓo.

Zoɓo fa. Abin da 'yar firamare take haɗawa ta ƙulla a leda. Na ce "To Hajiya" da murmushi, na hau adaidaita na koma gida ina haɗiyar zuciya tun daga ƙofar gidan har unguwarmu.

Ranar lefe na zo da zoɓona a manyan kuloli, na zuba masa citta da kanumfari da abarba har ya fi ƙarfin zoɓo. Bayan azahar baƙi suka iso, mata cike da mota, shugabarsu wata dattijuwa mai farin gilashi da kowa ke kira Gwaggo, yayar mahaifin ango. Aka shimfiɗa musu darduma a falon Hajiya, aka jera akwatuna, aka shiga gaishe-gaishe. Ni kuma na tuna ban zo da babban ludayi ba, sai na nufi kicin ɗin Rakiya in ara.

Ba kowa a ciki, tana can tsakar gida wajen murhu tana kwashe kaji. Na ɗauki ludayin, har na juya, sai idona ya faɗa kan wata 'yar samira a ƙarƙashin tebur, an rufe ta da faranti, an tura ta can lungu. Mace mai hankali wucewarta za ta yi. Ni na durƙusa na buɗe.

Dambu ne. Amma wane irin dambu: fari fat, ba mai, ba kala, ya dunƙule wuri-wuri. Na ɗiba na kai baki. Lami. Ba gishiri, ba yaji, ba albasa, sai wani ƙarni da ya tsaya min a hanci. Jama'a, ban san lokacin da na yi murmushi ba. Na sake ɗiba don in tabbatar, na kuma ƙarawa don daɗin tabbatarwar. A take na tsara labarin a kaina: kashin farko ne ya lalace mata, ta ɓoye shi a nan don kada a gani. Ashe gwanar ma tana ɓata girki. Na ji wani sanyi ya ratsa ni wanda rabona da shi tun kafin a kawo ta gidan.

Da na tsaya a nan, da ba wanda ya ji. Sai zuciya ta ce min, ke kaɗai kin sani, amfanin me? Na ɗauko farantin tangaran mai zanen fure a cikin jeren Rakiya, na juye dambun, na baza shi da cokali ya yi kyau (har yanka tumatur na yi na jera a gefe, Allah ya yafe min), na ɗauka na nufi falo ina taku ɗai-ɗai.

Na durƙusa gaban Gwaggo na ajiye, na ce da murya mai zaƙi, "Gwaggo, a fara taɓa wannan kafin sauran su iso. Dambun amaryarmu Rakiya ne, da hannunta ta yi. Duk gidan nan ba mai kama ta."

Gwaggo ta yi bismillah ta ɗiba. Na zuba mata ido. Ta tauna, ta tsaya, ta sake taunawa a hankali, ta haɗiye da ƙyar irin ta masu kunya, ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ta miƙa hannu wajen kofin zoɓo. Ta kusa da ita ma ta ɗiba, ta kalli silin. Ganin suna neman rufa asiri, sai na ce a raina ba za a yi haka da ni ba. Na kai hannu na damƙo da yawa na watsa a baki a gaban kowa, na yamutsa fuska.

"Ayya, Hajiya, ko gishiri ta manta? Kin san yaran yanzu, in aiki ya yi yawa sai a rikice. Ku yi haƙuri, Gwaggo."

Hajiya ta kalli farantin, ta kalle ni. Kafin ta yi magana Rakiya ta yi sallama, ɗauke da babban tire, dambu ja-wur a kai yana ƙyalli, ƙamshinsa ya riga ta shiga. A bayanta kuma ga magen gidan tana biye, tana kuka ba ƙaƙƙautawa. Rakiya ta durƙusa za ta ajiye tiren, sai ta ga farantin fure. Hannunta ya tsaya. Magen kuwa ba ta tsaya ba, ta ratsa tsakanin baƙi da akwatuna ta nufi farantin kai tsaye, ta sa baki ta hau ci, irin cin mai abu da ya ga abinsa.

"Yaya," in ji Rakiya ƙasa-ƙasa, "a ina kika samo wannan?"

Bakina cike yake, ban iya amsawa ba.

Hajiya ta ce, "Ke Rakiya, mene ne wannan ɗin?"

Yarinyar nan ta so ta rufa min asiri, na gani a idonta. Ta ce, "Ba komai, Hajiya, bari in ɗauke." Hajiya ta ce tambayarta ta yi. Sai ta sunkuyar da kai.

"Na mage ne, Hajiya. Tun da ta haihu ta rame, ga 'ya'ya suna tsotso, shi ne nake dafa mata kan kifi da hanjin kaji in daka da sauran shinkafa. Ba a sa musu gishiri da albasa, yana cutar da su."

Magen ta ci gaba da lasar farantin. Ni kuwa ga loma a baki, ba damar tofarwa a gaban surukai, ba damar haɗiyewa. Na haɗiye.

Gwaggo ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta tambaya cikin natsuwa, "'Yar nan, Allah dai ya sa ba ta riga ta sa baki a ciki ba?"

Rakiya ta kalli magen. Can ta ce, "Da safe ta ci rabi."

Wata daga cikin baƙin, malamar Islamiyya ce ashe, ta yi gyaran murya don ta kwantar da hankalin jama'a, ta ce ai ba komai, sauran mage ba najasa ba ne. Wannan fatawar ce ta fasa falon. Dariya ta ɓarke, wata har da kifewa a kan akwatin lefe, Gwaggo tana share hawaye tana nuna ni da yatsa, ta kasa magana. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni loma ɗaya na yi don kunya. Ita wannan baiwar Allah da yatsu biyar ta ɗiba." Rakiya kuma tana ta cewa laifinta ne da ba ta ɗauke samirar daga kicin ba. Ban taɓa jin ina son ƙasa ta tsage in shige ba kamar lokacin da take ba da haƙuri a madadina.

Na fice na shige banɗaki, na daɗe ina kurkure baki, ba don ƙarnin kaɗai ba. Ina jin su suna buɗe akwatuna, suna guɗa, suna yaba dambun gaskiya. Har aka ba da tukwici suka tafi ban ƙara leƙa falon ba.

Da yamma Hajiya ta aika a kira ni ɗakinta. Na shiga na zauna a ƙasa ina jiran faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Maman Abba, kin san me ya sa na ba ki zoɓo? Don ki huta ne. Garar Zainab ke na ajiye wa, duk gidan nan ba mai yin alkaki irin naki, ita kanta Rakiya ta roƙe ni in ce ki koya mata. To yanzu ki faɗa min, wane alkaki zan aika Sule Tankarkar in ce daga hannunki ya fito, su ci hankali kwance?"

Rakiya ce ta yi garar. Ni na zauna a gefe ina murza alkaki tare da sauran mata, ina nuna mata yadda ake gane kwaɓin ya tashi, tana cewa "To Yaya." Ya yi kyau ƙwarai, kuma da aka buɗe robobi a gidan ango aka tambayi wa ya yi, sunanta aka faɗa. An ce Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta tambaya ko babbar facalar ta taɓa shi, sannan ta ci.

Kishin bai tafi gaba ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Har yanzu in aka yabi girkinta sai na ji wani abu ya ɗan soke ni. Abin da na koya dai shi ne, in kin ƙudurta sai kin samo laifi a kicin ɗin wata, za ki samu, ba ko shakka. Amma kafin ki kai shi gaban baƙi, ki daure ki tambaya kwanon waye.