Tunda Ba a Harbi Ƙanena Ba, Yaushe Zai Dawo?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Afuwa, Allah ya ƙara maka taushin zuciya.

Bayan gaisuwa irin ta talaka, ranka ya daɗe, ni ne wan mai facin nan da wani soja ya harbe lokacin yaƙi, yana tsugune a rumfarsa da famfon iska a hannu. Kotu ta ɗaure sojan. Shekaranjiya kuma aka sanar a rediyo cewa kun yi masa afuwa, an goge laifin, a ɗauka abin bai taɓa faruwa ba. Madalla da wannan aiki. Sai dai ina da 'yan tambayoyi, a gafarta wa jahili.

1. Tunda abin bai faru ba, wa muka binne? Da ni aka ɗauki gawar, kuma wallahi da nauyinta.

2. An ce sojan ya sha wuya a gidan yari har ya rame. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Ƙanena ma na tabbata ya rame, ko za a duba lamarinsa?

3. Mun ji sojan yana cewa ya yafe wa kowa. Gidansa za mu je godiya, ko ta ofishinku ake bi?

4. Wannan ce ta hana ni sukuni. Tsohuwarmu ta ji sanarwar da kunnenta, ita kuwa ba ta taɓa ƙaryata hukuma ba. Ta sa an kwashe tarkacen da muka jibge a ɗakin ƙanena, ta wanke rigunansa ta shanya. Jiya ta ƙara hannu a girki, ta kuma hana a rufe ƙofar gida. Na buɗe baki zan yi mata bayani, ta tambaye ni ko na fi Shugaban Hukuma sani ne. Ina ni ina fin ka sani?

Don haka nake roƙo, ko dai ku turo mana shi, ko kai da kanka ka daure ka zo ka yi mata bayani. Gidan ba wuyar ganewa, za ka tarar da ita zaune a bakin ƙofa. Wancan karon ni na faɗa mata ya rasu, na kuma ga fuskarta. Ba zan iya na biyu ba.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Wan mai faci.