Ranar da Nomau Ya Hana a Kashe Inji

A gidanmu na Ɗan Marke mu huɗu ne: Inna, da yayana Nomau, da matarsa Tabawa, sai ni Sallau, auta, wanda aka kashe wa kuɗin makaranta. Nomau irin mutumin nan ne da in ka ce masa ya tsaya nan, to ka tuna ka dawo ka sallame shi, in ba haka ba nan za ka iske shi gobe. Inna takan ce, "Kowane gida da wawansa, mu dai Allah ya rufa mana asiri, namu ɗaya ne." In ta faɗa sai kowa ya dubi Nomau, ni kuwa na fi kowa dariya.

Da aiki ya ƙare mini a birni, na dawo gida da jaka ɗaya da babbar waya. Na buɗe shafi a wata kasuwar intanet ina sayar da kayan hannu, su fanka da rediyo da duk abin da na tsinto da arha a kasuwannin ƙauye. Dokar kasuwar a fili take. In kaya bai zo yadda ka kwatanta shi ba, mai saye yana da kwana bakwai ya dawo da shi, ka mayar masa da abin da ya bayar. In ka ƙi, ya kai ƙorafi, kuma a ƙorafi na uku ake rufe maka shafi har abada. Kafin kaka ta yi na tara biyu, kuma duk da wayona na samo su. Saura ɗaya ke nan, ga shi ba ni da wata sana'a, fartanya ma ta manta da hannuna. Shi ne na jawo Yaya ya riƙa taya ni, tun da ba sai na biya shi ba.

Wata rana na miƙa masa waya da wata tsohuwar rediyo. Na ce, "Yaya, ka ɗauke ta hoto ta ko'ina don mai saye ya ga komai, sai ka danna koren maɓallin nan, hoton ya hau shafi." Na tafi shan shayi. Ina dawowa na tarar ya kwance bayan rediyon, ya ɗauki gidan zanzaro da ke ciki, da wayar lantarkin da na ɗaure da zaren buhu, har da mataccen kyankyaso. Hoto goma sha huɗu, duk ya danna kore. Na ɗora hannu a ka. Ya ce, "Ai ka ce ya ga komai, Sallau. Kyankyason ma sai da na juya shi." Rediyon nan sai rabin kuɗi na sayar da ita, shi ma da roƙo.

Wata rana muka sayar wa wata Hajiya Dudu dutsen guga, a garin da ke gaba da mu. Don in nuna masa na yi boko, sai na zaunar da shi na karanta masa doka, na ce har kwana bakwai, in ba ta gamsu ba, dole a mayar mata da kuɗinta. Ashe na saya wa baiwar Allah wahala. Kullum da an sallame asuba Nomau ya hau keke, ya je ya yi sallama a ƙofar gidanta: "Hajiya, kin gamsu?" Ranar farko ta sa masa albarka. Ranar ta uku ta aiko a ce ba ta nan, ya zauna ya jira ta. Ranar ta biyar ta fito da dutsen gugar ta dire a gabansa, ta ce, "Guga lafiyarta ƙalau, bawan Allah, kai ne ban gamsu da kai ba." Ya zaro kuɗinta ya ba ta, ya dawo gida yana murna ya cika doka.

Wata rana wani tela, Malam Mamuda, ya dawo mana da keken ɗinki wai yana tsallaken zare. Na san yana yi, na dai ɗauka ba zai lura da wuri ba. Raina a ɓace na ce, "Yaya, mayar masa da duk abin da ya ba mu." To ranar da ya zo saye, mutumin kirki ya kawo wa Inna goro biyar. Nomau ya ba shi kuɗinsa, sannan ya shige ɗakin Inna ya kwance bakin zanenta, ya fito da goro ɗaya da ɓari. Sauran da ta cinye kuma ya biya da ƙwan kazar Tabawa. Tela yana rantsuwa ba zai karɓa ba, Nomau yana cusa masa a aljihu, Tabawa ta biyo su da muciya tana kiran ƙwanta, Inna tana salati. Ƙwai biyu suka fashe a rigar tela, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Sai wata rana na samo injin ban-ruwa a ɓagas. A ido kamar sabo, ja ɗaya yake tashi. Aibinsa guda ne: in ya yi kamar rabin sa'a ya ɗau zafi, sai ya yi tari ya mutu, ba zai sake motsi ba sai ya huce. Na rubuta a shafi cewa yana aiki lafiya lau. Wani manomin albasa, Alhaji Barau, ya ce a kai masa har fadamarsa, na ce yayana Nomau zai kawo masa. Lissafina shi ne zai gwada minti biyar ya biya, kuma kafin ya dasa albasa ya fara ban-ruwa na gaske, kwana bakwai sun wuce. Wannan karon na shirya wa Nomau tsaf. Na ba shi kuɗin mota zuwa da dawowa, na ce, "Yaya, abu biyu kawai. Ka tayar masa da inji ya gani. Kuma kada ka ce uffan, ko gaisuwa da hannu za ka yi."

Abin da ya faru a can, daga bakin Alhaji Barau na ji shi daga baya. Nomau ya ja igiya, inji ya tashi, ruwa ya yi tsalle. Alhaji ya ji daɗi, ya ƙirga kuɗi ya ba shi, ya kai hannu zai kashe don kada mansa ya ƙone a banza. Nomau ya riƙe masa hannu. An ce ya tayar, ba a ce ya kashe ba. Alhaji ya yi tambaya, shiru. Ya yi faɗa, shiru. Ya gaji ya zauna kusa da shi, su biyu suna kallon inji, har ya yi tarinsa ya mutu. Nomau ya zaro kuɗin ya miƙa masa. Ya dubi galan ɗin man da ya ƙone, ya tuna an ce duk abin da aka bayar, sai ya ɗora masa da kuɗin motarsa na dawowa. Ya ari baro ya turo injin a ƙafa har gida, sai la'asar sakaliya ya iso.

Ranar na yi masa faɗan da har yau ina jin kunyarsa. Na kira shi da sunan da Inna take sakayawa, a gaban matarsa. Bai tanka ba, sai da na tuna ni na hana shi magana, na ce, "To yi magana mana!" Ya ce, "Sannu da gida, Sallau."

Da safe waya ta yi ƙara, saƙo daga kasuwa. Na ce shi ke nan, ƙorafi na uku ya zo. Na buɗe saƙon. Ashe yabo ne Alhaji Barau ya rubuta a ƙarƙashin shafina, inda kowa zai gani. Ya ce da injin nan ya mutu masa bayan ya dasa albasa, da shi da mai shafin sai a gaban alƙali, amma akwai wani bawan Allah a wurin, mai suna Nomau, da ba ya barin ka tafi sai ka ga aibin kaya da idonka. Kafin sati ya zagayo waya ta hana ni sakat, kuma duk wanda ya kira abu ɗaya yake faɗa: "Ba ni Nomau." Yanzu shi yake ɗaukar hoto, kyankyaso da komai, kayanmu kuma ba sa dawowa. Ni nake tura baro.

Jiya da yamma muna cin tuwo Inna ta sake cewa, "Kowane gida da wawansa, mu dai namu ɗaya ne." Na ɗago kai zan yi dariya yadda na saba, sai na ga ba wanda yake kallon Nomau.