Nomau da Baƙon Taurari

A Tudun Gaude akwai wani bawan Allah wai shi Nomau, daga shi sai matarsa Ladiyo sai akuya guda. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, illa dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ladiyo ce ta nema masa gadi a wurin ƙaton faifan rediyon da aka kafa a bayan gari, inda Dakta Uwani ke sauraron sama. Alamar iskar gas take nema daga wani gungun taurari mai nisan gaske. Wata ɗaya aka ba ta faifan. In ya ƙare ba ta samu ba, aikinta na shekara biyar ya bi ruwa.

Wata rana ta ce kada ya bari komai ya sauka a kan faifan. Ya kori tsuntsaye, ya kori fara. Da azahar sai ga shi sharkaf da gumi, riƙe da laima, yana ba ta haƙuri, wai hasken rana ya fi ƙarfinsa.

Wata rana kuma ta gaya masa saƙon da take jira ya yi shekaru biliyoyi a hanya. Tausayi ya kama Nomau. Ya sa Ladiyo ta dama fura, ya shimfiɗa tabarma a gindin faifan, don ba a tarar matafiyi hannu sake. Kullum a dama, kullum akuya ta shanye.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, wani ƙugi da ya addabi na'urar tun farkon wata ya sake rufe komai. Dakta ta zauna idonta taf da hawaye, ta ce, "Malam Nomau, kashe duk abin da ke kunne, ban da na'urorina."

Ya kashe fanka, ya kashe firji. Da ya rasa abin kashewa, sai ya gangara cikin gari ya kashe injin niƙa, mata na tsaka da layi. Suka biyo shi da tsaki, suna watsa masa garin niƙa, har bakin ƙofar Dakta.

A can suka tarar da Dakta tana dariya tana kuka. Ashe injin ne ke ƙugin. Yana yin shiru, alamar ta fito ɓaro-ɓaro a allo.

Ta ce, "Ya iso, Malam Nomau."

Nomau, fari fat da gari, ya ture akuya, ya ɗaga ƙwaryar fura wajen faifan, ya rusuna.

"Sannu da hanya," in ji shi. "Sha ruwa tukuna, magana sai ka huta."