Yadda Na Auna Yamai Da Ɗan Yatsa

Ko da me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Malam Isuhu ba.

A 2004 ni ne mai kula da ma'aikata a wata masana'antar jima a Challawa, shi kuma babban makanikenmu, mutumin Yamai. Wata Litinin da safe aka bugo masa waya cewa mahaifinsa na kwance, jiki ya yi tsanani, sunansa kawai yake kira. Ya shigo ofishina da jaka a hannu, motar Maraɗi zai bi. Ga kuma injin aske fata ya tsaya, babu mai iya taɓa shi sai shi.

Sai na miƙe (sau ɗaya na taɓa hawa jirgi, zuwa Legas, amma ji nake kamar ni na ƙera shi), na ɗora yatsa kan taswirar da ke jikin kalanda. Daga Kano zuwa Yamai ko gaɓa biyu bai kai ba.

"Haba Malam Isuhu, ku da girmanku za ku kwana a hanya? Ku tayar mana da injin nan, gobe kamfani ya saya muku tikiti. Awa guda kun sauka."

Ya ce, "Kun tabbata, Malam?"

Na ce, "Ni fa na san jirgi."

Ya ajiye jakarsa ya ɗauki sifana.

Washegari a wurin masu sayar da tikiti aka dube ni kamar sabon shigowa gari. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye. Sai an gangara Legas, a kwana, a ratsa wata ƙasar, sannan Yamai. Sawu na gaba kuma sai Juma'a. Dole Isuhu ya koma tasha, ya hau motar Laraba.

Tsohon ya cika ranar Laraba da la'asar. Isuhu ya tarar har an dawo daga maƙabarta.

Da ya dawo muka taru yi masa ta'aziyya a masallacin kamfani. Wani direbanmu, dattijo, ya ce a gaban kowa, "Motar Litinin fa tun Talata ta isa." Duk aka juyo ana kallona.

Isuhu ne ya cece ni. "Ku ƙyale Malam," in ji shi. "Sauƙi ya nema mini."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don na sani, Allah ma ya sani, injin nake nema wa sauƙi. Har aka rufe masana'antar bai taɓa tada zancen ba, ni kuma ban sami ƙarfin halin faɗa masa gaskiya ba.

Yanzu ko hanyar Hotoro, nan cikin Kano, aka tambaye ni, cewa nake a nemi direba.