Amaryar Da Na Yi Wa Adon Fir'auna

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rakiya ba, ko da zan manta sunayen jikokina. Shekara biyar ko shida ne bayan ambaliyar da ta cika Harami har mutane suka yi ɗawafi da iyo. Yaƙin Turawa ya ƙare, jiragen ruwa sun dawo da kawo alhazai, ni kuwa ina goyon ɗana na biyu.

A lokacin, duk Misfala, unguwarmu a Makka, mu biyu ne masu yi wa amaren Hausawa kwalliya: ni da Goggo Hajara, wata tsohuwa 'yar Damagaram. Ita ke da hannu (yau da babu ita zan iya faɗa), ni ke da baki. Rakiya kuwa 'yar babban gida ce, wadda duk ta yi mata ado ta burge, amaren unguwa sun zama nata. Na yi ta zarya wajen uwarta, Hajiya Asabe, har ta ba ni aikin, don na yi alkawarin ado irin na Misra, wanda ko matan Jidda ba su gani ba.

Ina na san adon Misra? Wasu alhazan Misra da suka sauka a gidanmu sun bar gwangwanin alawa. A murfinsa akwai hoton wata kyakkyawa, fuska kamar zinariya. Kwallinta ya zarce ido har kusa da kunne, ɗankwalinta mai ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa ya sauko kan kafaɗu biyu. A goshinta akwai wani abu kamar kan maciji (na ce kuskuren mai zane ne), a haɓarta kuma wani dogon abu kitsattse na reto. Ban tambayi kowa ba. Na ce sarauniyarsu ce, abin haɓar kuwa sabon yayi.

Ranar biki bayan la'asar na rufe ɗaki da amarya. Na ja mata kwalli har kunne, na ɗaura mata ɗankwali mai ratsi, na kitsa baƙin zare da 'yan duwatsu na ɗaure mata a haɓa.

"Yaya, abin nan yana yi mini ƙaiƙayi," in ji Rakiya.

"Haƙuri za ki yi. Sarauniyar Misra ma haka take fama."

Na fito da ita tsakar gida, mata cike. Guɗa ta fara, sai ta mutu a rabi. Goggo Hajara ta kalli amarya sama da ƙasa, ta ce, "'Yar nan, wannan adon na wace ƙasa ne? Mu tsofaffi ne, a sanar da mu."

"Na Misra ne, Goggo. Ba laifinki ba ne, bai iso Damagaram ba."

Da na tsaya nan, da wataƙila na tsira. A'a. Sai na hango Sitti, wata Bamisriya matar tela da ta daɗe a unguwarmu, na zaro gwangwanin daga kwandona na miƙa mata, na ce ta gaya musu da bakinta.

Sitti ta dubi murfin, ta dubi amarya, ta sake duban murfin. Kafaɗunta suka fara rawa saboda dariya.

"Ya haja," ta ce, tana share hawaye, "wannan ai namiji ne."

Na ce wane irin namiji da kwalli har kunne?

"Mazansu haka suke yi. Sarki ne, cikin Fir'aunonin da. Kuma ba fuskarsa ba ce, fuskar zinariya ce da suka rufa wa gawarsa, suka binne shi da gadonsa da abincinsa. Shekaru dubbai ke nan."

"To na haɓar fa?" in ji Goggo Hajara, murya a sanyaye kamar mai neman ilimi.

"Gemu ne."

Hajiya Asabe ta miƙe a hankali. "Ke, gawar Fir'auna kika mayar mini da 'ya? A Makka?"

Rakiya ta fizge gemun ta fashe da kuka, kwallin ya gangaro har wuya. Goggo Hajara ta nemi ruwan ɗumi ba tare da ta kalle ni ba, ta ja amarya ɗaki. Kafin magariba ta fito da ita tsaf, aka yi guɗar da aka hana ni. Ni kuwa na ɗauki kwandona na bi ta ƙofar baya, ko shinkafar bikin ban ci ba.

Shekara uku ba wadda ta kawo mini amarya. Na koma sayar da ƙosai, mata na zuwa saye suna tambaya ko Fir'auna ya aiko da sabon yayi. (Amma in faɗi gaskiya, layin kwallin nan ya miƙe sarai, ko Sitti ta yarda.) Tun daga nan, kafin in kwaikwayi adon kowa sai na tambaya: mace ce ko namiji, kuma tana da rai?

Goggo Hajara ta rasu, Sitti ta rasu, Hajiya Asabe ma, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, saura ni da Rakiya, tana can unguwar Zahir. Bara ta aurar da jikarta, ta aiko mota ta ɗauke ni, aka shimfiɗa mini darduma ta musamman. Sai da aka gama yi wa amarya ado tukuna aka bari na shiga ɗakin.