Ragon Suna a Gindin Jar Wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da Damagaram cak ba, ni da kawuna da rago guda. Ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba. Gara in ba ku labarin da bakina kafin ku ji shi wurin Gwaggo, don ita duk ranar da ta maimaita shi sai ragon ya ƙara girma.

A Tanut aka haife ni. Babanmu yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya wadda ke kai gero da dabbobi kasuwannin Gangara da Tarka, kuma ita ke ciyar da gidanmu. Wata rana direbanta ya wayi gari ya ce zai tafi arewa neman zinariya. Idon Baba ya riga ya yi rauni, mu kuma a gidan mata ne zalla. Aka fara maganar neman wani direba, na ce ba sai an wahala ba, ga ni. Tun ina kolej nake jan motar nan a cikin yashi in Baba ya kau da kai, daga baya na je Damagaram na yi permi, wato lasin tuƙi, na ci kod, jarrabawar dokokin hanya, a zama ɗaya. (Na faɗi haka ne don ku san da wa kuke magana.)

Wanda ya fi kowa ƙin zancen shi ne Kawu Ilu, wan mahaifiyata, makiyayi a Tarka. Ba wai ya tsane ni ba ne. Cewa ya yi ba ni da haƙuri, mai jin haushin tukunya don ta daɗe ba ta tafasa ba bai kamata a ba shi sitiyari ba. Da gaskiyarsa, amma ban faɗa masa ba.

Baba ya raba gardamar da dabara. Ɗiyar ƙanwarsa, Gwaggo Ta'abu, ta haihu a Damagaram, ragon sunan kuma daga garken Kawu aka zaɓo shi. Baba ya ce ni zan kai su, Gwaggo da Kawu da ragon. In mun dawo, abin da Kawu ya ce shi za a yi: ko makulli ya zauna a hannuna, ko a ba wani.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da tafiyar mota a yankinmu na Damargu, in ba haka ba za ku ɗauka Kawu ba shi da hankali. A hanyoyinmu, muddin inji yana kunne babu mai motsawa daga inda yake, ko da an tsaya. Amma da zarar direba ya kashe mota, an sauka ke nan. Ba a yin shela. Mai salla ya ɗauki butarsa, mai shayi ya nemi gawayi, mai dabba ya sauke ta ta miƙe ƙafa. Na san wannan tun kafin in san karatu. Ku riƙe shi a ranku.

Muka kama hanya da safe, Gwaggo a gaba kusa da ni, Kawu a baya riƙe da igiyar ragonsa (ya ce ba zai matse tsakanin mata ba alhali ga iska kyauta). Tuƙin da na yi ranar, da an ɗauke shi hoto da an koyar da shi a makaranta. Ramukan kwalta na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ko sau ɗaya ragon bai yi tangal-tangal ba. Rana ta take tsaka muka shiga gari, kaina ya kumbura ya kusa taɓa rufin mota.

Sai muka iso wata babbar mararraba mai fitilar ba da hannu. Ja ce. Na taka birki a hankali, na tsaya daidai inda layi ya kamata ya kasance da bai goge ba. Na gyara zama, na ɗan leƙa madubi don in tabbatar Kawu ya gani.

Muka jira. Gwaggo ta tambaye ni wa muke jira, na ce kore. 'Yan kabu-kabu suka fara zagaye mu suna wucewa, sai masu adaidaita, sai ƙananan motoci. Na ce wa Gwaggo ta kalli mutanen birni da kyau, ga doka a gaban idonsu suna taka ta, shi ya sa asibitocinsu ba sa rabuwa da karaya. Na yi mata wa'azi mai tsawo a kan ja da rawaya da kore. Ta ce to.

Ja dai ba ta sauya ba. Na baya suka fara danna oda. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu daidai tagata, ya dubi ƙurar motarmu da jarkokinmu da ragonmu, ya ce, “Damargu, ki jira damina, za ta yi kore.”

Na ce masa ya je ya nemo hular kwano kafin ya yi min magana.

A raina kuwa lissafi ɗaya nake yi. Kawu yana baya yana kallo. Mutumin da ya ce ba ni da haƙuri, in na keta jar wuta a gabansa na miƙa masa makullin da hannuna ke nan. Na rantse ko garin zai tashi ba zan motsa ba. Sai kuma na tuna Baba ya tsani a bar mota tana shan mai a tsaye. Ni ga mai tattali. Na kai hannu na murɗa makulli, injin ya yi shiru.

Idona yana kan fitilar, wuyana har ya ƙage. Gwaggo ta ce ƙafafunta sun yi tsami, na ce mata to ba tare da na juyo ba. Na ji ƙarar ƙofa, ban kawo komai a raina ba. Can na fara lura da wani abu: motocin da ke ratsowa ta dama da hagu su ma ba gudu suke ba. Kowa sai ya ɗan tsaya, ya leƙa, sannan ya sulale. Mai koriyar wuta ba ya tuƙi kamar ɓarawo. Na zura kai ta taga na hango tasu fitilar. Ita ma ja. Duk kusurwoyin ja ne. Abin ya lalace ne, ya maƙale, kuma duk garin sun sani sai ni mai kod.

Na ce a raina ba komai, in tayar in sulale kafin kowa ya gane. Na kunna mota, na duba madubi. Bayan mota wayam.

Na fito. Gwaggo tana zaune a bakin kwalta ta miƙe ƙafa tana dama fura. Ragon suna yana ɗaure a jikin ƙarfen fitilar, ƙulli irin na Tarka wanda ko raƙumi ba ya kwancewa, yana ta zuba kashi hankalinsa kwance. Kawu kuwa ya shimfiɗa buzunsa a 'yar inuwar mota, wato daidai gefen da mutane ke bi suna zagaye ni, ya fuskanci gabas, ina isowa yana ta da kabbara.

Nan fa hanya ta rufe gaba ɗaya. Motata ta tare rabi, Kawu ya tare rabi, kuma babu mai bi ta kan mai salla. Har oda aka daina dannawa. Wannan shirun ya fi min zagin ciwo. Layin motoci ya miƙe iya ganina, kowa ya leƙo kai yana kallona, ni kuma ina tsaye da makulli a hannu. Na yi fatan Kawu zai yi ƙasaru tunda matafiyi ne. Ashe a ganinsa tunda an shigo gari an iso. Huɗu ya yi cif, irin sallar wanda ba ya saurin zuwa ko'ina.

Ana cikin haka wani ɗan sanda ya taho da sassarfa, usur a baki. Ya hango Kawu a ruku'u, ya cire usur ɗin ya sa a aljihu. Ya zo wurina yana magana ƙasa-ƙasa.

“Madam, motar ce ta lalace?”

“Lafiyarta lau. Fitilarku ce ba ta da lafiya.”

“Wannan ragon fa?”

“Shi ma lafiyarsa lau.”

Ya karɓi permina ya duba gaba da baya, ina jin so yake ya ga ko na gaske ne. Ya tambaye ni har yaushe na yi niyyar tsayawa. Na ce masa a makarantar tuƙi an faɗa mana abin yi in fitila ta mutu, an faɗa mana abin yi in rawaya tana ƙyaftawa, amma babu wanda ya taɓa cewa ja tana iya maƙalewa. (Ko a wannan halin sai da na nemi wanda zan ɗora wa laifi.) Ya ce lalacewa duk lalacewa ce. Tsayawar da na yi da farko daidai ce, amma in jira ya wuce hankali sai a ɗaga kai a dubi sauran kusurwoyi. In an tabbatar fitila ba ta aiki, a ɗauka babu ita: a shiga a hankali, a ba na hannun dama hanya, a kula da masu ƙafa. In kuma akwai ɗan sanda a wurin, hannunsa ke gaba da fitila. Sannan ya dubi ƙarfen ya ƙara da cewa, “Kuma ba a ɗaure dabba a kayan gwamnati.”

Kawu ya sallame, ya yi addu'arsa har ƙarshe, ya naɗe buzu. Ya miƙa wa ɗan sandan hannu, ya tambaye shi iyali da gajiya, ya ce masa mazaunin nan ba laifi sai dai ƙarancin inuwa. Rago kuma ya ƙi hawa mota. Kawu ya ja ƙaho, ɗan sanda ya tallabi gindi da kakinsa, 'yan kabu-kabu suna ba da shawara. Ni dai na ja gyale na rufe fuska saura ido. Da ɗan sandan ya shiga tsakiya ya ɗaga min hannu, na wuce ban dubi kowa ba.

A gidan suna kafin in sauke kaya Gwaggo ta gama rarraba labarin. Har maijego sai da ta riƙe ciki tana roƙon a daina ba ta dariya. Daren nan na riga na yi bankwana da makulli.

Bayan suna Gwaggo ta zauna taya jego, don haka a komowa Kawu ya shigo gaba. Hanyarmu ta sake bi ta mararrabar nan, kuma wannan karon fitilar ta mutu murus, ɗan sanda babu. Na sauke giya tun daga nesa. Na bar wata mata mai tallan ruwa ta tsallaka. Wani mai amalanke ya fito ta damata, na jira jakinsa ya gama yanga. Na dubi hagu, na haɗa ido da direban wata babbar mota har na ga ya rage, sannan na zura hancin motata kaɗan-kaɗan na fice. Babu oda, babu zagi, injin kuma ko kusa da makullinsa ban kai hannu ba. Haka muka miƙe har Tanut.

Baba yana zaure muka same shi. Kawu ya zauna ya kwashe komai ya faɗa, bai rage ko kashin rago ba. Baba ya yi dariya har da share ido, ni ina raɓe a bakin ƙofa ina jiran hukunci. Da dariyar ta lafa ya tambaye shi, to yanzu me ya gani.

Kawu ya ce shekarun da ya yi yana hawa motar nan da wancan direban, bai taɓa ganin ya tsaya wa komai ba, ko akuya ko mutum. “Wannan kuwa gari guda ya taru yana zaginta, ba ta motsa ba, don tana ganin doka ce. Na ce ba ta da haƙuri, na janye. Wautar da ta rage hanya za ta cire mata.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma a kan lokaci na yi azahar.”

Baba ya laluba aljihu, ya tuna makullin yana hannuna, ya ce to ya zauna a nan.

Yanzu ni ke jan motar, Gangara da Tarka da Damagaram, kuma har yau 'yan tasha “Jiran Damina” suke kirana. Ina amsawa, tunda makullin yana jakata. Abin da na koya bai da yawa: in ja ta daɗe, in daina kallonta in kalli gari. In kuma da mutanen Damargu a bayan motata, ko mai zai ƙare tas, ba na kashe inji sai inda na yarda a sauke min rago.